Ranar da Auta Ta Karanta Sirrin Yayanta

Akwai wata marubuciya da 'yan gidansu ke kira Auta. Ta daɗe tana rubutu ba wanda ya san da zamanta, sai ga shi an gayyace ta taron marubuta ta karanta gajeren labarinta.

Yayanta tela ne, mutum mai shiru-shiru. Shi ya ɗinka mata rigar zuwa taron, ya rufe shagonsa ranar, ya ce, "Ai ba za ki je ke kaɗai kamar marar dangi ba."

Ta so ta hana shi, amma ta kasa. Dalili kuwa, labarin da za ta karanta nasa ne.

Tun da matarsa ta bar shi, Yaya bai daina yi wa matar ɗinki ba. Duk yadin da ya burge shi sai ya saya, ya yanka da awonta da ya haddace, ya ɗinka, ya goge, ya rataye a bayan labulen shago. Wata rana Auta ta tarar da shi yana gugar ɗaya daga ciki. Ya zaunar da ita ya gaya mata komai, yana share hawaye da bayan hannu.

Ita kuwa tana komawa gida ta rubuta shi tsaf. Ta sauya masa suna, ta ƙara masa gemu da tsawo, ta ce wa ranta ai ta ɓoye shi. Wannan ita ce yaudarar da marubuta suka fi yi wa kansu.

Zauren taron ya cika maƙil, fanka na juya iska mai zafi. Kafin a fara, duk wanda ya yaba rigarta sai ta nuna Yaya ta ce, "Ga telan nan, yayana ne." Shi kuma ya sami kujerar roba a layin baya ya zauna, jakarta a cinyarsa.

Aka kira ta, ta fara karatu. Da ta zo inda telan ke ce wa rigar da ke rataye, "Wannan kalar za ta karɓe ki," sai zauren ya fashe da dariya.

Ba don a yi dariya ta rubuta wurin ba. Amma wanda bai taɓa jin tafi ba, ranar da ya ji sai ya bugu. Ta maimaita layin, wannan karon har da kwaikwayon muryar Yaya, da yadda yake jan magana a hankali.

Bayan ta gama, wani dattijon marubuci ya karɓi lasifika. "Labari ya yi daɗi, 'yata, sai dai kin cika gishiri. Ba namijin da zai yi wannan wautar."

Abin ya sosa mata rai. "Ranka ya daɗe, wallahi ban ƙara komai ba. Mutumin yana nan da ransa."

Ba ta nuna kowa ba. Idonta ne kawai ya tafi layin baya, kawunan mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta rufe baki da mayafi, wani ya zunguri na kusa da shi.

Yaya bai tashi ba. Ya zauna har aka tashi taro, yana kallon takalminsa.

A bakin ƙofa ta iske shi. "Yaya, ai ban faɗi sunanka ba."

"Haka ne." Ya miƙa mata jakarta. "Laifina ne. Na ɗauka ƙanwata nake gaya wa, ashe marubuciya ce a zaune."

Labarin ya karɓu. Aka buga shi, aka yabe ta, har makarantu suka riƙa gayyatarta. Yaya bai yi mata faɗa ba, bai kai ƙararta wurin kowa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. In ta je shago sai ya ba ta kujera, ya tambayi aiki, ya ci gaba da taka keke kamar mai jiran ɗinki ce ta zo.

Ranar da aka yi masa tiyata, a bakin maƙwabcin shagonsa ta ji. Ashe ya yi watanni yana fama, kowa a layin ya sani ban da ita.

Ta isa asibiti da kuka. "Yaya, ni ce fa. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"Wancan kin ɗauka, Auta. Wannan ciwon ki bar min abina."

Darasi: Abin da ɗan'uwanka ya gaya maka cikin hawaye amana ce, ba kayan neman suna ba ne. Tafin mutane na yini ɗaya ne, amma yardar da ta karye tana iya ƙin ɗoruwa har abada. Ku tura wa wasu, musamman masu alƙalami da masu saurin baki.