Shaidun Tsohuwa Ishbel

A wani ɗan ƙauye na Sukotlan, attajiri Lachlan, mai filayen yankin, ya tara jama'a ya ce zai kafa shinge a tudun da suke kiwo, sai fa in sun kawo masa shaidan da ya ga ranar da aka ba kakanninsu wurin, shekara ɗari uku baya.

Washegari wata tsohuwa, Ishbel, ta koro tumakinta har ƙofar gidansa, ta sake su. Suka miƙe, sai tudun.

Ta ce, "Ga shaidunmu, ranka ya daɗe. Kowace tunkiya wurin uwarta ta koyi inda za ta yi kiwo, uwar ma haka, tun kaka da kakanni."

Lachlan ya yi dariya. "Iya, tunkiya ba ta shaida. Ni takardar kakana gare ni."

"A kan me aka rubuta ta, ɗana?"

"A kan fatar tunkiya mana, yadda ake yi a da."

"Ashe haka ne. Matacciya ta yi maka shaida ka yarda, masu rai kuma ka ce ba su iya ba?"

Har yau tumakin ƙauyen suna jiran shingen.