Kukan Giya Ta Biyu

A ƙarshen damina Malam Hudu na Funtuwa ya yi babban rashi, har maƙwabta suka riƙa shigowa jaje. Injin motarsa ne ya buga.

Motar tsohuwar Fijo ce mai giya a jikin sitiyari, ta girmi duk 'ya'yansa. Wanda bai san gidan ba zai ce ai ta yi ƙoƙari, a bar ta ta huta. To, amma akwai Tasalla.

Tasalla matarsa ce, tsufa ya taɓa mata tunani. Fuskar mijinta ta ɓace mata. In ya zauna kusa da ita sai ta gyara mayafi, ta gaishe shi kamar baƙo. Abu guda ya rage: da yamma in ta ji motar ta shigo layi, sai ta ce Malam ya dawo, in ya yi sallama kuwa ta gane shi sarai, su ci tuwo tare. Shi ya sa kullum bayan la'asar mutumin da ba shi da wurin zuwa yakan fita, ya zaga bayan kasuwa, ya dawo gida.

Da inji ya mutu, a wurin Tasalla Malam ya daina dawowa. Ita kuwa ba ta taɓa cin tuwon dare kafin maigida ba, ba kuma yanzu za ta fara ba. Sai ɗan koko da safe, shi ma da lallashi. Yana zaune gefenta yana roƙonta ta ci, tana ba shi haƙuri, wai ya ƙara jira, Malam na hanya. Yana kallo zobenta ya fara yi mata yawa.

Labaran, babban ɗansu, ya tafi Kano. Ya bi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa shago shago, aka ce masa irin wannan inji sai dai a tarihi. Bai dawo hannu biyu ba: ya samo na wata mota ta baya-bayan nan, lafiyayye, ya zauna tare da shi a bayan a-kori-kura har Funtuwa, ruwa na dukansu, ya lulluɓe injin da rigarsa.

Makanikai suka duba suka ce sai an sauya giyabos, domin sabon inji ba zai zauna da tsohon ba. Uwani, autar gidan, wadda ba ta san bambancin fulogi da noti ba, ta tsaya a bakin garejin ta ce ba a isa ba. Ita ce ke zama da mahaifiyarsu kowace yamma. Ta lura motoci na wucewa Inna ba ta ko ɗaga kai, sai in Baba ya iso kwanar masallaci ya sauko giya ta biyu, giyabos ɗin ya yi wani siririn kuka kamar tsohuwar ƙofa. Abin da makanikai suka sha cewa a gyara, shi Inna take jira.

Sai Sunusi, na tsakiya, mai aikin walda da gyaran ƙarfe. Ya auna bakin inji, ya auna bakin giyabos, ramukansu ko ɗaya bai dace da ɗaya ba. Ya yanka farantin ƙarfe mai kauri da zai shiga tsakaninsu, ya ɓata na farko, ya ɓata na biyu, na uku ya zauna daram, kuloci ya kama. Ya gargaɗi uban cewa injin ya fi ƙarfin giyar, sai a hankali, in ba haka ba haƙoranta za su zube. Malam Hudu ya ce tun kafin a haife shi yake bin ta a hankali.

Ran nan ya fita ya zaga bayan kasuwa. Injin shiru kamar ba nasa ba. A kwanar masallaci ya taka kuloci, ya sauko ta biyu. Ta yi kukanta.

Ya yi sallama, ya tarar Tasalla ta riga ta buɗe kwano.

"Malam, ka daɗe," ta ce. "Wani bawan Allah ya yi ta jiranka, ya gaji ya tafi."

Ya ce Allah sarki, ya wanke hannu.

Yanzu Malam Hudu na so ya mallaka wa ɗaya daga cikinsu motar tun yana raye, ita kuwa mota ba ta rabuwa uku. Ba don Labaran ba, da babu inji. Ba don Uwani ba, da an yar da muryar da ake jira. Ba don Sunusi ba, da inji da giyabos kowanne na nan a ƙasa yana kallon ɗan'uwansa. Duk wanda aka ba, makulli dai na aljihun Malam, shi mai motar nasa sayen mai.

To, wa za a ba a cikinsu?