Fulogin da Ke Babur ɗin Eudaldo

Kun gani. Kada wani ya ce mini bai gani ba. Ku 'yan acaɓan bakin kasuwar El Carmen, da ku masu zama kusa da su a coci ranar Lahadi, kun sha wucewa ta gaban rumfar nan, kuna jin ƙarfe yana kuka, kuka kau da kai kuka ci gaba da shan kofinku. To yau sai kun saurara.

An yi wani mutum a garin nan, bakaniken babura. Ba zan kama sunansa ba, don ba tsanarsa nake so ku yi ba. Mutum ne mai fara'a. Rediyonsa kullum na tashin kiɗan akodiyon, kuma ba ya rasa soyayyar ayabar da zai miƙa wa mai jiran gyara. Amma girman kai ya cika masa zuciya, har ya ɗauki ganganci gwaninta.

Ya 'yan uwa, kowane inji da irin fuloginsa. Lambar tana nan rubuce a jikin farin tangaran, ga duk mai ido. Wani dogo ne, wani gajere, wani yana jure zafin doguwar tafiya, wani ba ya jurewa. Ramin da fulogi ke shiga kuwa a cikin alminiyam aka yanka haƙoransa, ƙarfe mai taushi. Shi ya sa ake jira inji ya huce, a murɗa fulogi da yatsu har ya zauna, sannan a ɗan ƙara da sifanarsa. Wannan ba ilimin jami'a ba ne. Amana ce.

Shi kuwa mutumin nan cewa yake: "Fulogi fulogi ne. In ya shiga rami, ya yi." Duk wanda hannunsa ya fara taɓawa a kwali, shi zai sa. Sifanar fulogi ma ba shi da ita. Wata tsohuwar sifana ce gare shi da bakinta ya cinye, yakan zura mata guntun bututun ruwa don hannun ya yi tsawo, ya danna da dukan ƙarfinsa, inji na tururi.

Wata rana wani ɗan acaɓa mai suna Dairo ya ce masa: "Maigida, a hankali mana! Babur ne, ba ƙofar kurkuku ba."

Bakaniken ya ce: "Ga sifana, zo ka koya mini. Kai da ko belin wandonka ba ka iya ɗaurewa."

Rumfa ta kwashe da dariya. A nan maganar ta mutu.

Akwai wani Eudaldo, ɗan acaɓa daga wani ƙauye a kan tudu, inda mota ba ta hawa da damina. Bakaniken nan ne ya riƙe masa ɗa ranar baftisma, suka zama kompadre. Kun san al'adarmu. Ba ka kai babur ɗinka wata rumfa alhali kompadrenka na da tasa. Ba ka leƙa aikinsa. Ba ka tambayarsa me ya sa maka.

Ranar da Eudaldo ya kawo babur, mutumin ya ɗauko fulogin da ba na injin ba, ya sa shi a karkace, ya hau bututu. Sai sifana ta juya sako-sako. Haƙoran ramin sun cinye. Ya ji a hannunsa. Gyaran gaskiya shi ne a kwance kan injin a kai wa mai yanka ƙarfe ya sa sababbin haƙora, amma wannan yana nufin ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce, "Na ɓata." Sai ya naɗa wa fulogin siririyar waya, ya shafe shi da gam ɗin ƙarfe, ya cusa.

Eudaldo ya ce: "Kompadre, lafiya dai?"

Ya ce: "Lafiya lau. Bari ya sha iska. In ka so, ka je har birnin Cartagena ka dawo ba ka tsaya ba."

Dairo na zaune a kan benci, da wasu. Sun ga wayar. Sun ga gam. Wa zai shiga tsakanin kompadre da kompadre? Suka ci gaba da buga domino.

Babur ya yi ta tafiya makonni, mutumin ya manta.

Da lokacin tonon doya ya zo, matar bakaniken, Ledys, ta tafi ƙauyen su Eudaldo don taya mahaifinta aiki. Da hantsi tana ɗaga ganye, maciji ya sare ta a ƙafa. Maganin yana asibitin gari. Babur ɗaya ne a ƙauyen ranar, na Eudaldo. Aka ɗora ta a bayansa, ƙanenta ya zauna a baya ya riƙe ta.

A tsakiyar babban hawa, inji ya yi zafi, gam ya saki. Sai ƙara kamar harbin bindiga. Fulogi ya yi tsalle ya fita, yana reto a jikin wayarsa. Eudaldo ya mayar da shi, yatsunsa na ƙuna, amma ba abin da zai riƙe shi. Babu gida kusa, waya ba ta kamawa. Suka koma neman mutane, aka kawo ragar kwanciya aka rataya a gora, aka ɗauke ta a kafaɗa cikin taɓo. Kafin su kai kwalta, Ledys ta daina magana. Maganin yana nan a asibiti. Ba ta riske shi ba.

A wajen jana'iza Eudaldo bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya kama hannun mutumin, ya sa masa fulogin, busasshen gam na manne a jiki. Ya ce: "Kompadre, ga kayanka."

Tun daga ranar bakaniken bai sake buɗe rumfa ba. Ya sayar da kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya ya sha giya. 'Ya'yansa suna wajen kakarsu, kuma ba ta bari ya shiga gidan. Yanzu a ƙarƙashin teburan masu kifi yake kwana. Eudaldo kuwa ya bar acaɓa, ba ya iya ɗora mutum a bayansa.

Me kuka koya? Ga abin da ke hana ni barci. Kun koma wata rumfa a ƙasan layi, kuma mai rumfar shi ya sayi kayan wancan, har da bututun. Jiya na wuce, benci cike, ana dariya.

Ya 'yan uwa, ƙaryar da aka ɓoye a cikin inji ba ta zama a rumfa. Tana hawa hanya, ta ɗauki matar wani, ta ɗauki uwar wani. Wanda ya shafa gam ya yi zunubi. Wanda ya gani ya yi shiru don kunyar zumunci, me zai ce wa Ubangiji? Zumuncin da ke hana ka faɗin gaskiya ba zumunci ba ne, tsoro ne.

Allah ya kiyaye mu daga girman kan da ba ya cewa "na ɓata", ya kuma kiyaye mu daga shirun masu kallo.

Amma kada ka ce amin ka koma kan babur. Kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya gobe, tun inji na sanyi, kwance fuloginka ka karanta lambarsa, ka duba haƙoransa. In ka tarar da waya ko gam, ajiye babur ɗin. Sannan ka je wajen wanda ya sa maka, ko da shi ya riƙe maka ɗa, ka faɗa masa a gaban kowa.