Malam Shafi na Huɗu da Guntun Bulonsa

Don Allah mai shafi, ka saka wannan amma kar ka sa sunana. Ko an biyo ka ta bayan fage ana tambaya, ka ce ba ka sani ba. Wayar ma ba tawa ba ce, ɗauka na yi mai ita ba ta sani ba. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, karatuna bai yi nisa ba.

Akwai wani malami a wata kwaleji da ake koyar da aikin jinya. Lissafin magani yake koyarwa, wato yadda za a auna wa mara lafiya daidai, kar ya yi yawa kar ya yi kaɗan. Ba ma'aikacin dindindin ba ne. Takarda yake sa wa hannu duk shekara, in shekara ta ƙare ko a sabunta masa, ko a ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Takardar nan shafi shida ce. Sauran malamai shafi biyu kawai suka sani, na farko inda albashi yake, da na ƙarshe inda ake sa hannu. Shi kuwa ya karance ta tas, har ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba. Da an ce a yi wani abu na son rai, sai ya dafa aljihu ya ce ba haka shafi na huɗu ya ce ba. Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma kiransa Malam Shafi na Huɗu a gabansa, yana amsawa.

A shafin nan aka rubuta aikin malami. Ya shiga aji kan lokaci. Ya duba takardun ɗalibai ya mayar musu da gyara kafin sati biyu. Sannan duk ranar Laraba, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, ya zauna a ofis don mai tambaya, kuma ƙofa a buɗe. Ba zai ɗaga lokacin ba sai ya manna wa ɗalibai sanarwa sati guda kafin ranar.

To akwai abokin aikinsa, shi ma ɗan shekara-shekara, ɗalibai na kiransa Malam Rabin Awa, don lakcar awa biyu a rabin awa yake nannaɗe ta ya sallami kowa. Ga ban dariya, ga turare, ga takalmi mai ƙyalli. Ɗalibai kamar su goya shi. Shi ne ya lallaɓa shugaban sashe aka ba shi babban ofis mai fanka, aka tura Malam ƙarshen baranda, wani tsohon sito da aka kwashe tsintsiyoyi daga ciki.

Malam ya kwashi takardunsa ya koma can. Matsalarsa ɗaya, ƙofar siton ba ta tsayawa, da ka sake ta sai ta koma garam. Takarda kuwa cewa ta yi a buɗe. Sai ya je bayan gini ya tsinto guntun bulo, ya wanke shi, ya ajiye ƙarƙashin tebur. Duk Laraba ƙarfe biyu zai tokare ƙofa da shi ya zauna.

Sati goma sha ɗaya yana haka, ko kyanwa ba ta leƙo ba.

Rabin Awa in zai wuce ya tafi, yana kaɗa makullin mota a yatsa, sai ya tsaya ya gaishe da bulon. Ya tambaye shi ya aiki, ya ɗalibai, ko akwai abin da bai gane ba a lissafi. Masu shara su yi ta dariya. Malam ya ɗago ya yi murmushi, ya ci gaba da duba takardu da jan bironsa.

Ana nan sai shugaban sashe ya tara su ya ce bana mutum ɗaya za a sabunta wa a cikin su biyun. Malam ya koma gida yana lissafin nauyin da ke kansa. 'Ya'yansa huɗu, ga tsohuwarsa a ɗaki ba ta tashi sai an ɗaga ta, kuma ba shi da wata sana'a bayan alli.

Sai kuma aka kawo sabuwar shugabar kwaleji. Aka shirya mata cin abinci na maraba, aka ce duk malamai su zo a gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Ranar Litinin aka faɗa. Taron kuma Laraba, ƙarfe biyu.

Malam ya je ya sami shugaban sashe ya ce masa kwana biyu ba su kai sati ba, ba halin ya manna sanarwa. Shugaban sashe ya kalle shi sama da ƙasa.

"Malam, wa za ka yi wa sanarwar? Bulo? Rufe ƙofa ka zo a ga fuskarka. Wanda ba a gani ba, ba a tunawa da shi."

Da ya gaya wa matarsa, sai ta ajiye wankin da take yi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, gari duk ya tafi neman alfarma shi zai zauna gadin ƙofa. Ta ce in an kore shi, shafi na huɗun za ta dafa wa yara? Ya ce mata ai hannunsa ne a jikin takardar, ba wanda ya riƙe masa biro.

"Baban yara, su da suka rubuta ta ma sun manta da ita."

"To ni ban manta ba."

Bari in tsaya, ana taɓa ƙofa.

Ƙanina ne, ruwa ya zo sha. Ina muka tsaya? Yauwa.

Ranar Laraba kwaleji ta yi tsit, kowa ya tafi babban ɗakin taro. Daga ofishinsa yana jin tafi da ƙarar cokula. Ƙarfe uku ta yi. Uku da rabi. Zuciyarsa ta fara ce masa wauta ya yi, da ya je yanzu ko ƙarshen layin gaisuwa zai samu. Har ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya kalli bulon nan, ya koma ya zauna.

Huɗu saura minti goma sai ya ga inuwa a bakin ƙofa.

Wata ɗaliba ce, babba, ta girmi kowa a ajin, har yara ke kiranta Maman Aji. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta dawo karatu da girmanta don ta samu abin riƙe su. Kullum a bencin baya take zama don kunya. Sau biyu tana faɗuwa lissafin magani, in ta faɗi na uku korarta za a yi. A hannunta akwai wasiƙar barin makaranta da ta riga ta rubuta.

Malam ya san ta ta takardunta. Ya lura hanyar lissafinta kullum daidai take, amma amsar sai ta fito ninki goma. Sau uku yana rubuta mata da jan biro ta zo ofis ranar Laraba.

Ta ce duk Laraba tana zuwa har tsakiyar baranda ta juya, wai ita uwar 'ya'ya ta tsaya yara na kallo ana koya mata kamar 'yar firamare. Yau da ta ji kowa ya tafi taro, sai ta ce wa kanta in ta tarar da ƙofa a rufe, to Allah bai nufe ta da karatun ba, ta miƙa wasiƙa ta tafi gida.

Ya ce ta zauna. Bai ba ta takarda ba, da baki ya yi mata tambaya: yaro mai nauyi kaza, ana ba shi biyu da ɗigo biyar a kowane kilo, nawa za a zuƙa a allura? Kafin ya rufe baki ta ba shi amsa daidai. Ya ƙara wata, ta amsa. Sai ya miƙa mata irin tambayar a buge a takarda. Ta ɗaga ta nesa, ta matso da ita kusa, ta karanta ashirin da biyar a kowane kilo.

Malam ya zare tabaraunsa ya miƙa mata. Ta ce a'a, ita wace ce. Ya ce ta saka dai.

Ta saka. Ta ƙura wa takardar ido. Can ta ɗora yatsa a kan ɗigon da ke tsakanin biyu da biyar.

"Ɗan banza. Ashe nan ka ɓuya mini shekara biyu."

Sai hawaye. Ita duk zatonta kanta ne ya tsufa, ashe ido ne. Malam ya ce mata ɗigon nan shi ne tsakanin yaro ya warke da yaro ya mutu, don haka ba zai taɓa ɗaga mata ƙafa a maki ba, amma ta je a gwada idonta, kuma daga gobe bencin gaba. Ya karɓi wasiƙar ya ninke ya mayar mata, ya ce ta yi fifita da ita.

Washegari da ya shiga aji, duk ɗigon da zai yi a allo sai ya yi shi ƙato kamar ƙwai. Yara suka yi ta dariya ba su san dalili ba.

Amma rashin zuwa taron nan ya ja masa. Shugaban sashe ya ce girman kai ne da raini. Bayan sati uku aka miƙo masa wasiƙa, an gode da aikinsa, ranar talatin ga wata ya miƙa makulli. Matarsa ta karanta, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Abin da ba su sani ba, Maman Aji ba ta iya riƙe magana. Da ta ci gwajin farko da sabon tabaraunta, sai ta bi ajin kaf tana ba da labari. Larabar gaba mutum biyu suka zo. Ta gaba bakwai. Daga nan sai da masu shara suka kawo benci.

Ranar ashirin da tara ga wata ta faɗo Laraba. Matarsa ta ce ya zauna gida ya huta, me ya rage? Ya ce takarda ta ce sai talatin. Ya tafi, ya tokare ƙofarsa, kayansa a ɗaure cikin kwali a gefe.

A ranar ne sabuwar shugaba ta fito zagayen gine-gine, shugaban sashe na biye da ita, zai nuna mata ɗakin da za a mayar sito. Suka tarar baranda ba masaka tsinke, ɗalibai zaune a ƙasa da littattafai, sati mai zuwa jarrabawa. Ta tambaya me ake rabawa a nan. Wata yarinya ta ce ba komai, layin Malam ne.

Ta ratsa ta shiga. Da aka gaya mata ai shi ne wanda aka sallama, sai ta ce masa to me yake yi a nan?

"Ranki ya daɗe, sallamar gobe za ta fara aiki. Yau Laraba."

Ya zaro takardar, duk ta yi laushi don ninki, ya buɗe mata shafin. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa. Ta ce shekararta talatin tana sa hannu a irin wannan, yau ta fara ganin wanda ya ɗauki kalmar "a buɗe" da gaske har ya nemo mata bulo.

Sai ta tambaya ɗayan malamin fa, shi yaushe ne lokacinsa? Shugaban sashe ya fara tari. Ɗalibai suka haɗa baki suka ce ai yanzu ne. Aka taka zuwa babban ofis mai fanka. Ƙofa da kwaɗo, gizo-gizo ya yi saƙa daga kwaɗon har jikin katako. An kira Rabin Awa a waya, ya ce yana cikin ofis yana fama da ɗalibai. Shugaba tana tsaye a bakin ƙofar tana ji.

Kafin sati ya zagayo aka kawo wa Malam sabuwar takarda, ta shekara uku. Sai da ya zauna ya karanta shafi shida ɗin nan duka, mai kawowa na tsaye yana jira, sannan ya sa hannu. An ba shi babban ofis, ƙofarsa lafiya lau take tsayawa, amma ya tafi da bulonsa. Matar tasa da kanta ta ɗinka wa bulon riga don kar ya goge ƙasa.

Innata kuwa, wato Maman Aji nake nufi, ta ci jarrabawa, ita ce ta uku a aji. Yanzu farin kaya take sawa, in ta wuce a layi mutane har tashi suke su gaishe ta. Tana da wata 'ya da ta bar makaranta don rainon ƙanne lokacin da take karatu. Malam ya aiko a gaya wa 'yar ta zo ranar Laraba da tsofaffin littattafanta. An ce masa ai ita ba ɗalibar kwaleji ba ce. Ya ce shi bulonsa ba ya tambayar kati.

Ga takun takalmin mai wayar nan a tsakar gida, bari in rubuta na ƙarshen da sauri in goge.

Darasi: Abin da ka sa wa hannu amana ce, ka cika ta ko ba mai kallo. Ƙofar da kake ganin ba mai shigowa, wata tana can tsakiyar baranda ta ɗora rayuwarta a kan ko za ta tarar da ita a buɗe. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, da duk mai jin kunyar tambaya, amma don Allah ban da sunana.