Garin da Ya Nutse Sau Biyu

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Abin da zan ba ku a cikin waya ya faru, kuma idan na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

An yi wani gari da ake kira Kwarin Ɗinya. Shekara talatin da biyar ke nan da aka gina madatsar ruwa a gabashinsa, ruwa ya taso ya shanye shi, daga masallacin Juma'a har maƙabarta. Mutanensa suka watse, wasu Kano, wasu Ikko, wasu har Agadas. Sai wani jikan garin mai suna Sagir, wanda bai taɓa taka ƙasarsa ba, ya yi karatun kwamfuta. Shi da abokansa biyu suka kama ɗaki a saman wani bene a Kaduna, suka ƙirƙiro wasan waya suka sa masa suna Tsohon Gari. Kana shiga za a ba ka fili, ka gina gidan ubanka a inda yake a da, ka yi noma, ka ci kasuwa, ka haɗu da ɗan maƙwabcinku wanda rabonka da shi tun kuna yara. Kafin shekara ta zagayo mutum dubu huɗu sun shiga.

Amma wasan nan cike yake da matsala. Jaki ya kan hau rufin masallaci ya ƙi saukowa. Ka shiga zauren gidanka, ka tsinci kanka a tsakiyar rafi. Ranar kasuwa, lokacin da kowa ya hallara, sai komai ya daskare. Mafi ciwo, wani lokaci mutum ya kan wayi gari ya tarar ɗakin da ya gina ya ɓace. Duk sanda aka yi ƙorafi amsar Sagir ɗaya ce, a yi haƙuri suna gyarawa, har mutane suka daina kiran sunansa, suka koma ce masa Muna Gyarawa.

A cikin masu wasan akwai Ladidi, mai sayar da tuwo a tashar Funtuwa. Tana da shekara bakwai aka ɗora ta a kan kaya aka bar garin, don haka abin da take tunawa kaɗan ne. Mahaifiyarta, Inna Kande, ita ce ta riƙe sauran. Wata biyar suka yi, kullum da la'asar idan ciniki ya lafa, tsohuwar tana zaune a gefenta tana nuna mata inda rumbu yake, inda turmi yake, da ɗakin da aka haife ta. Idan Ladidi ta kuskure da taku ɗaya sai ta sa ta rushe ta sake. Da damina Inna Kande ta rasu. Tun daga nan babu sauran wanda ya san fasalin gidan a duniya, sai wayar Ladidi.

Ladidi ba ta da haƙuri da su Sagir, kuma ba ta ɓoyewa. A zauren hirar 'yan garin, inda ake tura saƙon murya, mutum biyu ne ta fi yawan sa-in-sa da su.

Na farko Malam Cindo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya a Gombe. Shi bai taɓa ɗaga murya ba. Duk matsalar da ta same shi, ko ta sami wani, sai ya buɗe littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya rubuta ranar, da lokacin, da abin da mutumin yake yi kafin abin ya faru. Duk Asabar ya ɗauki hoton shafukan ya tura wa Sagir. Da farko ana yi masa godiya, daga baya aka daina ko buɗewa, bai fasa ba. Idan wani ya yi fushi zai fita, Malam Cindo ne ke kiransa ya lallashe shi, yana cewa yara uku ne ke ɗauke da gari guda, a ba su lokaci. Ladidi ta sha faɗa masa a gaban kowa cewa haƙurinsa ne ya sangarta yaran nan. Shi kuwa sai ya ce mai yiwuwa ne, ya ci gaba da rubutunsa.

Na biyu Barau, direban tirela. Shi ya fi Ladidi zafi. Ba ya noma a wasan, ba ya ciniki, sai yawo. Lungu-lungu yake bi, gida-gida, yana neman abin da ya lalace don ya zo zaure ya zazzaga wa su Sagir. Babu kusurwar garin da bai leƙa ba. Ranar da shagon mahaifinsa ya ɓace karo na uku, ya tura saƙo mai tsawon minti tara, ya rantse ba zai sake buɗe wasan ba. Ya kashe wayar, ya naɗe ta da tsumma, ya jefa cikin akwatin sifanu, ya sayi wata. Ladidi ta kira shi ta ce gudu ya yi, ya bar wa mata da tsofaffi faɗan. Ya ce ta kira shi duk abin da ta ga dama.

Mako uku bayan tafiyar Barau, Sagir ya yi shelar cewa sun gama babban gyara wanda zai kawo ƙarshen duk matsaloli. Ranar Talata wayoyi suka karɓi sabuntawar da kansu. Mutane suka buɗe wasan, suka tarar da jan fili, babu gida, babu bishiya, babu masallaci. Kwana biyar ba a ji daga Kaduna ba. Rana ta shida saƙo ya zo: garin ya goge daga babbar na'urar da ke riƙe da shi, ajiyar da suka yi ita ma ta lalace, za su rufe wasan a ƙarshen wata, suna neman gafara.

A bakin murhu Ladidi ta karanta. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa abokiyar sana'arta muciya, ta ɗauki tabarma da ƙaramar tukunya da kwanon gari, ta hau motar Kaduna. Da azahar tana zaune a ƙasan matakalar benen, ta shimfiɗa tabarmarta a inda duk mai hawa ko sauka sai ya nemi ta janye ƙafa. Mai gidan ya zo ya ce ta tashi, ta ce ba da shi take ba. Ya ce zai kira 'yan sanda, ta ce ya kira, ita ma tana da abin da za ta faɗa musu. Ta ɗauki hoton kanta ta tura zaure, ba ta roƙi kowa ya zo ba. Washegari mutum bakwai suka zo, rana ta uku sun haura talatin. Ladidi ta haɗa murhu da duwatsu ta tuƙa tuwo, kowa ya ci, ta zuba kwano uku ta aika sama, ta ce a gaya musu su ci su ƙoshi, aiki na jiransu.

Ranar nan Sagir ya sauko. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Gwaggo, wallahi babu abin da ya rage. Ki yafe mana."

"Ban zo yafewa ba, Sagiru, ban kuma zo zagi ba," in ji ta. "Ɗakin uwata na zo karɓa. Wancan karon da ruwa ya ci shi ina yarinya, ba wanda ya tambaye ni. Wannan karon ga ni da girmana, kuma na ce ban yarda ba. Ba za ka rufe ba."

Ta sa shi ya yi mata bayani da Hausar da za ta gane, ta hana shi tashi sai da ya gama. Ya ce kowace waya tana ajiye hoton duk inda mai ita ya taɓa zuwa a garin, don wasan ya riƙa buɗewa da sauri, amma sabuntawar ta share wannan ma. Sai dai idan akwai wayar da ba ta karɓi sabuntawar ba, kuma mai ita ya zaga garin kaf, abin da bai ga alamar samu ba. Ya ƙara da cewa ko an samu, ba su san abin da ya goge garin ba, suna mayarwa zai sake gogewa.

Ladidi ta kira Barau a gabansa. Yana Ikko a layin lodi. Ya saurara har ta gama, ya ce rantsuwa ya yi. Ta ce ya rantse ba zai buɗe wasan ba, bai rantse ba zai kawo waya ba. Ya ce zai kawo, amma ba don yaran nan zai yi ba. Bai yarda ya ba kowa saƙon wayar ba, don kada wani ya kunna ta a hanya ta karɓi sabuntawar. Mai tirelar ya gaya masa idan ya bar layin lodi kada ya dawo. Barau ya ajiye masa makulli, ya ciro tsohuwar wayar daga akwatin sifanu, ya cire layinta, ya sa ta a aljihun ciki, ya hau motar haya. Da ya iso bai gaisa da Sagir ba. Ya tsaya a kansa har aka kwashe abin da ke ciki, kuma aka tarar garin yana nan, tun daga kasuwa har gidan ƙarshe na bakin rafi.

Malam Cindo ba a kira shi ba, da kansa ya taho daga Gombe da ciwon gwiwarsa, littattafai uku a cikin leda. Da ƙyar ya hau benen. Kwana biyu yana karantawa, yaran suna dubawa a na'ura, har suka lura da abin da ya haɗa duk ɗakunan da suka taɓa ɓacewa cikin wata goma sha huɗu: kowanne katangarsa ɗaya da ta maƙwabci. Wasan yana ɗaukar gida biyu masu katanga ɗaya a matsayin kuskure, sai ya share. Babban gyaran ya bi garin gaba ɗaya da wannan hukunci, a Kwarin Ɗinya kuwa dangi ne ke jingine da dangi, babu gidan da ke tsaye shi kaɗai. Sagir ya dubi ranar da Malam ya fara turo masa wannan bayani, ya sunkuyar da kai. Malam Cindo ya ce ba komai, su dai gyara.

Kwana goma sha ɗaya Ladidi ta yi a ƙasan matakalar. Ranar da garin ya dawo, bai dawo duka ba, abin da aka gina bayan Barau ya kashe wayarsa ya tafi ke nan. Amma gidan Inna Kande yana nan. Ladidi ta shiga, ta zaga ɗaki-ɗaki. Da ta naɗe tabarmarta Sagir ya sake tambayarta ko yanzu ta yafe. Ta ce tukuna, za ta ga yadda wata shida masu zuwa za su kasance.

Daga nan su Sagir suka yanke shawarar cewa ba za su ƙara taɓa garin da ra'ayin kansu ba. Za a zaɓi mutum ɗaya cikin masu wasan a ba shi riƙon gari, duk wani gyara sai ya gwada ya amince kafin ya isa wayar kowa. Mutum ɗaya suke so, don sun ga Ladidi da Barau da Malam Cindo ko a kan gaisuwa ba sa haɗa baki. Zaure ya rabu uku. Masu son Malam Cindo suka ce ba don littattafansa ba da garin ya sake gogewa a ranar da aka mayar da shi, kuma ba don lallashinsa ba da mutane sun watse tun kafin a zo nan. Aka ce musu mutumin da ba ya iya cewa a'a, me zai hana? Masu son Barau suka ce fushinsa ne ya ajiye garin a cikin tsumma, kuma shi kaɗai ne ya rasa aikinsa a kan wannan magana. Aka ce musu ai tafiya ya yi, kuma idan aka ba shi, babu gyaran da zai taɓa wucewa. Masu son Ladidi suka ce da ba ta zauna a matakalar nan ba, da an rufe wasan, wayar tana cikin akwatin sifanu, littattafan suna Gombe. Aka ce musu ita ba ta kawo komai a hannunta ba sai taurin kai, kuma ɗakin uwarta ta je karɓa, ba gari ba.

Ladidi ta koma bakin murhunta a Funtuwa, ta ce ba ta nema, amma idan aka ba ta ba za ta mayar ba.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin wanda ya yi haƙuri ya rubuta, da wanda ya yi fushi ya tafi, da wadda ta ƙi haƙura kuma ta ƙi tafiya, wa ya kamata a danƙa wa riƙon garin?