Gwaiduwa a Gemun Dila

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari!

Dila ya shanye ƙwan Zabuwa, aka zarge shi, shi da Kura. Aka zaunar da tumaki bakwai su yanke hukunci, mai laifi ya bar dajin.

Dila ya sa farar riga, ya durƙusa. "Iyayena, ina gajiya? Ya tarin autanku?"

Kura kuwa, don tsoro, sai dariya take.

Babbar tunkiya ta ce, "Ku dubi haƙoran nan! Ita ce."

"Ita ce!" in ji sauran.

Ƙaramarsu ta ce, "Inna, ga gwaiduwa a gemun Dila."

Babbar ta ce, "Mai ladabi haka? Ai lalle ne ya sa a gemu!"

Aka kori Kura. Dila ya lashe lallensa tas.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tawa ta ƙare.