Manomi da Ma'aunin Albarushin Ubansa

Akwai wani manomi da yake da gonar masara a bakin daji, can inda gonakin gari suka ƙare. Ba shi da wata sai ita, daga cikinta gidansa yake ci har shekara ta kewayo. Kowace damina, da masara ta fara goyo, aladun daji sukan fito gab da wayewar gari su shiga su yi ɓarna. Amma mutumin yana da bindigar toka da ya gāda wurin ubansa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da ita yake tsaron abincin 'ya'yansa. Tare da bindigar ya gaji wani ɗan ƙahon gada, shi ne ma'aunin albarushi. Ya cika ƙahon, ya juye, ya danna tsumma, ya zuba dalma. Haka ya ga ubansa yana yi, haka shi ma yake yi, bai kuwa cika kuskure ba.

Ana nan, wata shekara tsohuwar bindiga ta tsage. Maƙeri ya juya ta, ya duba, ya ce ta gama aikinta. Ya ƙera masa sabuwa, kyakkyawa, ta fi tsohuwar tsawo, bakinta kuma ya fi matsi.

Mutumin ya ɗura ta da ƙahon ubansa, ya tafi gona. Da aladu suka fito ya yi saiti ya harba. Bindiga ta buge shi a kafaɗa har ya zauna dirshan, dalma ta watse cikin ciyawa, aladu suka ruga ko ƙwarzane babu. Kashegari suka komo. Ya sāke harbi, ya sāke kuskurewa. Gefen gonar da ke kusa da daji ya kwanta kamar an yi sussuka a wurin.

Ya dawo gida da kafaɗa a kumbure. Matarsa ta gasa masa da ruwan zafi, tana shafa man kaɗanya.

Ta ce, “Baban yara, yau ma kai ta harba ko aladen?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ƙarfi ne bai ishe ta ba. Doguwa ce, cikinta da yawa. Gobe zan ƙara mata albarushi a kan na ƙaho.”

Tsohuwarsa tana zaune a gindin zanan tsakar gida tana ɓarzar gyaɗa, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta ce, “Zo nan. Miƙo mini ƙahon nan.”

Ya sa mata a hannu. Ta shafa bakinsa da ɗan yatsa, ta daɗe tana shafawa, sa'an nan ta kama yatsan ɗanta ta ɗora a wurin.

“Me ka ji?”

“Kaushi, Iya. Kamar sawun wuƙa.”

“Sawun wuƙa ne. Kana tsammani haka gada ta zo da shi a kanta? Ran da ubanka ya samo ƙahon nan ya fi haka tsawo. Ita ma waccan bindigar, tana sabuwa, ta kayar da shi a gaban mutane har wandonsa ya yage. Ni na ɗinke. Daga nan ya bi ƙorena ya fasa, wai yana neman sakaina. Har ƙwaryar da uwata ta ba ni. Ya kafa sakaina a jikin suri, ya harba, ya taka ya je ya duba inda dalma ta faɗa, ya dawo ya kankare bakin ƙahon kaɗan. Haka ya yi ta yi, sai da ƙaho ya yi daidai da bindiga. Ma'aunin waccan ne, ɗana. Ba na wannan ba ne.”

Mutumin ya ce, “Iya, in na tsaya harbin sakaina, aladu za su gama da gonar.”

Ta ce, “Za su ci wani abu, ba na ce ba za su ci ba. Amma in ka ƙara mata abin da ba za ta iya ɗauka ba ta fashe a hannunka, wa zai tsare sauran? Ni, ko matarka?”

Da gari ya waye bai taɓa ƙahon ubansa da wuƙa ba, gama ransa bai ba shi ba. Ya rataye shi tare da tsohuwar bindiga, ya nemo wani ƙaho. Ya kafa sakaina a jikin suri. Ya fara da albarushi kaɗan, ya harba, ya taka ya je ya duba. Dalma ta faɗi ƙasa da sakaina. Ya goge cikin bindiga, ya ƙara ɗan kaɗan, bai sāke kome ba sai wannan kaɗai, domin ya san abin da ya kawo bambanci. Rana ta bi rana yana haka. A kwanakin nan matarsa ce take sammako ta tafi gona da garwa da sanda, tana bugawa tana kora. Wata rana aladu su ji tsoro, wata rana su ƙi. Ta dawo da raɓa har gwiwa, ta tarar da shi a gaban suri, ba ta ce masa ya yi sauri ba.

Ran nan ya harba, bindiga ta zauna lafiya a kafaɗarsa, sakaina ta tarwatse. Ya kafa wata, ita ma haka. Ya yanke sabon ƙaho daidai wurin. Da ya gwada shi da na ubansa, sai ga shi bai kai na uban ba. Ashe ba ƙari take bukata ba, ragi take so.

Kashegari babban alade ya fito gaban garke, mutumin ya same shi da harbi guda. Sauran suka bar gonar. Gefen da aka ci ya riga ya tafi, rumbu bai cika har baki ba shekarar nan, amma abin da aka girbe ya kai gidan har sabon hatsi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana iyaye: kowane ɗa da Ubangiji ya danƙa mana sabo ne, bai taɓa zuwa duniya ba. Albarushi shi ne horo da tsawatawa, ba a rabuwa da su, gama gonar da ba a tsaronta aladu ne za su gāje ta. Ƙaho kuwa shi ne yadda aka rene mu, ko yadda muka reni babban ɗanmu ya yi kyau. Mukan ɗauke shi mu auna wa ƙaramin. In bai yi ba, mu ce taurin kai ne, mu ƙara faɗa, mu ƙara bulala. Wani yaron kallo ɗaya ya ishe shi. Wani sai an zauna da shi an maimaita. Wata kuwa in ka ɗaga mata murya, ba za ta ƙara buɗe maka zuciyarta ba, ta tsage ke nan daga ciki, ba wanda ya ji ƙara.

Iyayenmu ba su yi kuskure ba. Sun auna mu ne, mu. Abin da ya kamata mu gāda wurinsu shi ne haƙurin aunawar. Haƙurin nan yana da tsada, za a yi hasarar wani gefen gona, maƙwabta ma su ce mun yi sanyi da yawa. A bar su su faɗa.

Ubanmu na sama haka yake yi da mu. Ya san abin da kowannenmu zai iya ɗauka, bai taɓa auna wa wani da ma'aunin ɗan'uwansa ba. Saboda haka a makon nan, ke uwa, in kin yi wa ɗanki faɗa, kada ki tsaya daga nesa kina shirya na gaba. Ki tashi ki taka, ki je inda yake zaune, ki duba inda maganarki ta faɗa.